Daga Landan Zuwa Badariya: Tunawa da Octavia Hill, Uwar 'Yan Haya

A shekarar 1866 wata mace mai shekara 27 ta shiga wani lungu da ake kira Freshwater Place a unguwar Marylebone ta birnin Landan, domin ta duba gidajen hayar da aka danƙa mata. Ta bi tagogi ɗaya bayan ɗaya tana ƙirga gilasai. Guda 192 ne, takwas kaɗai ta tarar ba su fashe ba. Katakon da ake dafawa in za a hau bene babu shi, 'yan haya sun ɓalle sun hura wuta da shi. Shafen bango yana ta zuba. A kan wata matakala an ajiye bokiti yana tarar ruwan da ke yoyo daga rufi.

Sunanta Octavia Hill. Ba mai kuɗi ba ce, ba ta da muƙami, kuma a gida mahaifiyarta ta koyar da ita karatu. Amma shekara takwas bayan wannan ziyara, mutum kusan 3,000 ne ke kwana a gidajen da take kula da su a wurare 15 na Landan, a ɗakuna masu tsabta, a kan kuɗin da lebura zai iya biya. Ta rasu a 1912, yau fiye da shekara ɗari ke nan. Duk da haka, wanda ya taɓa yawon neman ciki da falo a Badariya ko Bayan Kara ko Rafin Atiku a Birnin Kebbi, rana tana dukansa yana bin dillali, in ya ji labarinta zai ga abubuwa da yawa da ya sani.

An haife ta ranar 3 ga Disamba, 1838, a garin Wisbech da ke gabashin Ingila. Mahaifinta James Hill ɗan kasuwar hatsi ne mai rufin asiri, sai dai ya karye a 1840, daga baya kuma rashin lafiya ya raba shi da riƙon gida. Nauyin 'ya'ya ya koma kan uwar, Caroline, da kakansu na wajen uwa, Dakta Thomas Southwood Smith. Wannan kaka likita ne da ya daɗe yana fama da zazzaɓin da ke kashe talakawan Landan, yana nanata wa hukuma cewa tushen cutar yana cikin kwata da cunkoson ɗaki. A hannun irin wannan mutum yarinyar ta tashi.

Tana da shekara 14 aka ba ta kula da wani ɗakin sana'a a Landan, inda 'ya'yan talakawa tiɓis suke haɗa kayan wasan yara ana biyansu. Wasu daga cikinsu sun kusa kai ta shekaru. Takan raka su gida, nan ta fara ganin iyali guda, uba da uwa da 'ya'ya, a ɗaki ɗaya mai danshi, nan ake girki, nan ake kwana, nan ake jinya. A waɗannan shekaru ne kuma ta kamu da koyarwar wani malamin cocin Angilika mai suna F. D. Maurice, wanda shi da jama'arsa suke cewa bangaskiyar da ba ta damu da halin ma'aikaci da talaka ba, da sauranta. A 1857 ta shiga cocin Angilika bisa zaɓin kanta, kuma a ciki ta zauna har ƙarshen rayuwarta. Ba a san ta da tsayawa wa'azi a ƙofar 'yan haya ba. A littafin lissafi da gyaran bututun ruwa addininta ya fi fitowa.

Kuɗin farko na aikin gidajen haya daga hannun John Ruskin ya zo, shahararren marubuci kuma masanin zane, wanda ta yi shekaru tana kwafar masa zane-zane a gidajen ajiye hotuna. Mahaifinsa ya rasu a 1864 ya bar masa gado mai yawa. A 1865 ya fitar da fam 750 aka karɓi gidaje uku masu ɗaki shida-shida a wani lungu mai suna Paradise Place, ya miƙa mata. Ya sa sharaɗi ɗaya: gidajen su riƙa kawo ribar kashi 5 cikin 100 a shekara. Ba don yana buƙatar kuɗin ba. Hujjarsa ita ce, in abin ya zama kyauta, daga kansa zai tsaya. In kuwa aka nuna cewa ana iya zaunar da talaka a ɗaki mai mutunci kuma mai gida ya samu 'yar riba, wasu masu kuɗi za su biyo.

Bayan shekara ɗaya da rabi ta kawo lissafi. An biya ribar kashi 5, an mayar da fam 48 daga uwar kuɗi, an gyara gidajen, an biya haraji, kuma iyalan da ke cunkushe a ɗaki ɗaya sun samu ɗaki biyu a kan kuɗin da bai fi na ɗaya da yawa ba.

Ina kuɗin ya fito? Ba wani siddabaru ba ne. A da, tsakanin mai ginin da ɗan haya akwai ƙananan masu gida, waɗanda ke karɓar gida gaba ɗaya su yayyanka shi ɗaki-ɗaki, su tsawwala kuɗi domin masu biya su rufe asarar waɗanda ba sa biya, gyara kuwa ko ƙusa ɗaya. Ɗaya daga cikin irin waɗannan, wanda sana'arsa shirya jana'iza ce, bai ɓoye mata ba cewa ribarsa ta fi fitowa daga mace-macen da ake yi a gidan fiye da kuɗin hayar. Da ta cire wannan tsani na tsakiya, ta kuma tsaya kowa ya biya a kan lokaci, sai ga shi kuɗin da ake karɓa ya ishi gyara har da saura.

Yadda take gudanar da aikin shi ne ya fi dacewa a tsaya a kai, domin nan ne ta bambanta da masu taimako na zamaninta.

Kuɗin haya mako-mako ake karɓa, kuma ita da kanta take zuwa, ƙofa-ƙofa, da littafi a hannu. Lebura a Landan mako-mako ake biyansa, saboda haka hayar ta bi yadda kuɗi ke shigo masa. Wannan zuwa na kowane mako ya wuce karɓar kuɗi. Wadda ke shiga gida sau hamsin da biyu a shekara ta san wane yaro ne ya daina zuwa makaranta, wane magidanci ne aikinsa ya tsaya, wane ɗaki ne ya fara yoyo tun kafin silin ya rufto. In aiki ya yi wa maza wuya, takan ajiye musu fenti da kafinta da gyare-gyaren gidajen su yi a biya su, maimakon ta ba su sadaka. 'Yan matan gidan su ake biya su wanke matakala da tsakar gida. Ta buɗe musu asusun ajiya. A Freshwater Place ta share wani kango da ya zama juji, ta mai da shi filin wasan yara, ta sa aka dasa itatuwa.

Akwai wata dabara tata da ta cancanci a sake dubawa. Kowane gida ana ware masa kuɗin gyara na shekara, kuma 'yan haya sun san adadin. Duk bayan wata uku a zauna a yi lissafi a gabansu. Abin da ya rage bayan an gyara abin da ya lalace, su ne za su zaɓi abin da za a yi da shi, bi da bi: wannan ta ce kabad, wancan ya ce wurin wanki. Daga ranar nan, wanda ya fasa gilashi ya san daga aljihun maƙwabtansa ya cira, su ma sun sani. Mutanen da aka ce ba sa jin magana, waɗanda suka ƙone katakon bene, su ne suka koma masu tsaron gidan.

Amma fa ba ta da wasa. Bashin haya ba ta yarda da shi, ba sani ba sabo. Wanda ya ƙi biya yana da hali, za a ba shi takardar tashi. Ba a sa wani a ɗaki a ɓoye a karɓi kuɗi. Mashayi mai tayar da hankalin gida, in ya ƙi gyaruwa, zai fita. A ganinta biyan haya a kan lokaci shi ne ke sa ɗan haya ya ɗaga kai ya nemi haƙƙinsa na gyara ba tare da roƙo ba.

To, mu dawo gida.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ya zama babban birni. Garin da aka sani da fadar Sarkin Gwandu da tsofaffin shiyoyi irin su Shiyar Fada da Makerar Gandu da Takalau, ya wayi gari ma'aikata suna ta sauka daga Sakkwato da iyalansu, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙari. An gina rukunin gidajen gwamnati a Gesse da Gwadangaji, amma ba su ishi kowa ba, ba su ma kusa ba. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum 268,000 a ƙaramar hukumar Birnin Kebbi. Ga ɗaliban kwalejin Waziri Umaru, ga ma'aikatan asibitin tarayya, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2013, ga kasuwancin shinkafa da ya ƙara bunƙasa bayan an ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance a garin a watan Nuwamban 2015. Damina mai ƙarfi kuma, irin ta 2020 da ta 2024, takan cika gulbin Rima ta rusa gidajen ƙasa a ƙauyukan fadama daga Argungu zuwa ƙasa, wasu iyalan su nufo gari. Unguwanni irin Badariya su ne suka haɗiye yawancin wannan jama'a: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan kabu-kabu, masu shago, Musulmi da Kirista, 'yan gari da mutanen Zuru da Yawuri da na kudu.

A shiga irin gidan hayar da aka fi sani. Ƙofar ƙarfe, sai dogon tsakar gida, ɗakuna suna kallon juna. A bakin kowace ƙofa akwai murhun gawayi da jarkoki, domin famfon da ke tsakiyar gida ya daɗe da ƙafewa, sai an jira mai kura. Bayi ɗaya ne ko biyu ga gida duka, da asuba ana layi da buta. Ramin ya cika tun bara, an yi ta aika wa mai gida, shi kuma ya ce a yi magana da ejan, ejan ya ce 'yan haya su haɗa kuɗi. Takardar wuta ɗaya ce, ranar raba ta kuwa sai an yi cacar baki, saboda wance tana da firiza, wane yana da dutsen guga. In watan Afrilu ya kama, kwano ya ɗauki zafi, kowa ya fito da tabarma waje.

Kafin mutum ya samu ko wannan, sai ya ajiye kuɗin shekara cif, da la'adar dillali, wani wurin har da kuɗin rubuta yarjejeniya. "Alhaji ya ce shekara ce, ba ragi," shi ne abin da zai ji. Ma'aikacin da ake biya wata-wata, da ɗan kabu-kabun da ke samu kullum-kullum, duk an haɗa su an ce su kawo na wata goma sha biyu a dunƙule. Daga nan sai cin bashi, ko jiran kwasar adashi, ko sayar da tunkiyar uwargida. Da zarar an biya, mai gida ba shi da dalilin sake leƙowa sai shekara ta zagayo, lokacin kuma da ƙari zai zo. Tsarin biyan shekara ne da kansa yake raba mai gida da gidansa. Abin da Octavia Hill ta gane ke nan tun 1865, ta yi akasinsa.

Adalci ne a ji ta bakin mai gida shi ma. Wanda ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a ɗakuna shida, da su yake ci, da su yake biyan kuɗin makarantar 'ya'ya. Ya ga yadda siminti da rodi da kwano suka yi tashin gwauron zabi, hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuma ya san in ɗan haya ya ƙi biya, fitar da shi ta kotu sai an sha wuya. Karɓar shekara garkuwarsa ce. Ribar kashi 5 da Ruskin ya gamsu da ita ta yi daidai da Ingila ta wancan zamani, inda farashi ke daɗewa bai motsa ba. A nan asara ce tsagwaronta. Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta haramta karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma duk wanda ya nemi ɗaki a Legas ya san dokar ta fi ƙarfi a takarda. Doka kaɗai ba ta cire tsoron da ke zuciyar mai gida. Abin da ke cire shi shi ne amintaccen mutum a tsakani, wanda zai tabbatar kuɗi ya shigo duk wata kuma gyara ya gudana.

Irin waɗannan mutane Octavia Hill ta horar, kuma mata ta zaɓa. Dalilinta mai sauƙi ne: da rana mata ne a gida, su ke riƙe da kuɗin cefane, su suka san inda ke yoyo. Daga cikin waɗanda suka yi aiki a hannunta akwai Emma Cons, wadda daga baya ta riƙe gidan wasan kwaikwayo na Old Vic, da Henrietta Barnett, wadda ta kafa unguwar Hampstead Garden Suburb a 1907. Wata 'yar Holan mai suna Johanna ter Meulen ta zo ta koya, ta koma Amsterdam ta dasa tsarin. A Philadelphia ta Amurka an kafa ƙungiya da sunanta a 1896. Littafinta na 1875 a kan gidajen talakawan Landan an fassara shi zuwa Jamusanci. Bayan rasuwarta, matan da ta horar suka kafa ƙungiyar sana'a a 1916, kuma daga wannan tushe ne cibiyar ƙwararrun masu kula da gidaje ta Birtaniya ta samo asali.

A ƙasar Hausa wannan hujja ta fi ƙarfi ma. Ejan namiji iyakarsa zaure ko bakin ƙofa. Gida da yawa an rubuta "ba shiga" a bango, kuma ana nufin hakan. Mace kuwa za ta yi sallama ta wuce har ƙurya, ta ga bangon da ya tsage, ta ji abin da matar gida ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. Kuma ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda Malam Abdullahi na Gwandu baffanta ne, ta naɗa jajis, dattawan mata masu malfa, suna kai karatu ga mata 'yan taru a garuruwa da ƙauyuka. Ta rasu a 1864, shekarar da Octavia Hill ta fara shirya aikinta da Ruskin. Aikin nasu ba iri ɗaya ba ne, ɗaya ilimi ta kai, ɗaya muhalli, amma dukansu sun dogara ga mace amintacciya mai shiga gida a kai a kai. Yau ma akwai Zumuntar Mata a coci-coci, akwai FOMWAN da aka kafa a 1985, akwai uwayen adashi a kowace unguwa waɗanda ke riƙe kuɗin mutum talatin ba tare da kwabo ya ɓata ba. Matar da ta iya wannan ta iya littafin haya.

A 1884 hukumar da ke kula da kadarorin cocin Ingila ta nemi taimakon Octavia Hill. Abin kunya ne ya kai su: cocin na da filaye da gidaje a kudancin Landan, kuma wasu daga cikinsu suna cikin mafi munin gidajen haya a birnin, saboda an daɗe da bayar da su ga 'yan tsakiya ba a waiwaya ba. Ta karɓa. A Southwark, a wurin da wata masana'antar takarda ta ƙone, ta shimfiɗa lambun Red Cross a 1887, aka gina ƙananan gidaje shida da zauren taro a gefensa. Suna nan har yau. A 1903 aka ƙara mata wata babbar unguwa a Walworth, aka rushe aka sake ginawa bisa shawararta. Ba ta son dogayen benaye. Ƙananan gidaje masu ɗan fili ta fi so.

Son fili ne ya kai ta ga aikin da Turawan Ingila suka fi tuna ta da shi. Ta ga cewa wanda ke kwana a ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar ya fi kowa buƙatar wurin zama a waje. A 1875 ta yi fafutukar ceto wasu filaye a Swiss Cottage daga masu gini, ta sha kaye. Ba ta daina ba, kuma tana cikin waɗanda suka ceto Parliament Hill, wanda har yanzu jama'ar Landan ke shan iska a kansa. A 1895 ita da Robert Hunter da Hardwicke Rawnsley suka kafa National Trust, wadda ta sayi gininta na farko a shekarar da ta biyo a kan fam 10, yau kuma tana da mambobi miliyoyi. Mazaunin sabuwar unguwa a Birnin Kebbi, wanda ya ga an yanka filin ƙwallon yara an fitar da fuloti, an matse layi har mota biyu ba sa giftawa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Tunawa da ita ba zai cika ba in aka ɓoye inda ta kauce. Tana cikin jagororin wata ƙungiyar tsara sadaka da aka kafa a 1869, wadda talakawa suka tsana saboda yawan bincike kafin a ba da taimako, da raba mutane gida biyu, wanda ya cancanta da wanda bai cancanta ba. Ta ƙi yarda gwamnati ta biya tsofaffi fansho. Ta ƙi ciyar da yara kyauta a makaranta. Ta ƙi a bai wa mata ƙuri'ar zaɓen majalisa, ita da ta horar da mata suka riƙe dukiya mai yawa. Kuma ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi gidajen da ƙananan hukumomi ke ginawa da kuɗin jama'a, tana ganin za su kashe zuciyar talaka su kori masu zuba jari. A nan tarihi bai goyi bayanta ba. Mutum dubu uku, ko ninkinsu, ba su kai komai ba a birnin da ke da miliyoyi. Dokar gidaje ta 1919 ce ta buɗe ƙofar gini da yawa, har zuwa ƙarshen shekarun 1970 kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan Birtaniya a gidajen hukuma suke zaune. Sannan tsananinta a kan bashi yana nufin cewa mafi talaucin talakawa, waɗanda ba su da abin shiga na kowane mako, sau da yawa ba su daɗe a gidajenta ba. Wannan babban gibi ne, kuma bai kamata a rufe shi da yabo ba.

Sai dai Najeriya ta gwada ɗaya ɓangaren, wato gini ba kulawa, ta ga sakamakonsa. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙuduri gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, 40,000 a ƙasa baki ɗaya. Kaɗan aka kammala, wasu an kai su bayan gari inda ba ruwa ba hanya, suka daɗe ba kowa. Alhaji Lateef Jakande ya fi sa'a a Legas tsakanin 1979 da 1983, amma da yawa daga rukunin gidajensa sun tsufa ba mai gyara. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cire kashi 2.5 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, da alkawarin rance mai sauƙin ruwa na tsawon shekaru har 30, amma sai mai takardar mallakar fili da albashi tsayayye ke iya kusantarsa. Mai tura kura da mai sayar da ƙosai ba sa cikin lissafin. Su haya za su ci gaba da yi, kuma kusan duk shirye-shiryen gwamnati a kan mallaka suke magana, ba a kan haya ba.

Octavia Hill ta yi rashin lafiya mai tsanani a 1877, lokacin da aiki ya yi mata yawa kuma suka ɓata da Ruskin, wanda ya soke ta a rubuce a bainar jama'a. Ta yi dogon hutu a ƙasashen waje, kuma gidajen ba su rushe ba, domin matan da ta horar sun riƙe su. A 1905 aka sa ta cikin hukumar da ta binciki dokokin talakawa na Birtaniya. Ciwon daji ne ya yi ajalinta ranar 13 ga Agusta, 1912, a gidanta da ke Marylebone, tana da shekara 73. An binne ta a ƙauyen Crockham Hill da ke Kent. A 2012, cikar shekara ɗari, aka kafa dutsen tunawa da ita a cocin Westminster Abbey.

Wanda zai taka rawar Ruskin a Birnin Kebbi ba lallai ne ya zama mutum ɗaya ba, kuma ba lallai ne ya jira riba ba. Musulunci yana da wakafi, dukiyar da ake tsayarwa ba a sayarwa ba a gado, amfaninta yana tafiya ga waɗanda aka ambata. Maƙwabciya Jihar Sakkwato tana da hukuma sukutum ta zakka da wakafi. Masu hali a nan sun saba gina masallaci da haƙa rijiyar burtsatse, amma gidan haya na wakafi, wanda kuɗinsa zai tsaya a kan gyara da albashin mai kula, bai cika shiga tunani ba. Coci-coci ma suna da filaye, suna da ƙungiyoyin mata masu rajista da ma'aji. Ƙungiyoyin ma'aikata masu asusun haɗin gwiwa suna iya biyan mai gida shekararsa a dunƙule, su riƙa cira daga ɗan haya wata-wata. Gida ɗaya mai ɗaki goma ya isa a fara: a rubuta kuɗin gyara a manna a bango, a ɗauki mace ɗaya a koya mata lissafi a biya ta, a zauna da 'yan haya duk wata uku a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, su faɗi ko ramin bayi za a fara kwashewa ko famfo za a gyara.